Gonar gado a Kalgo: mu sayar ko mu riƙe?

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona a gefen Kalgo, rabi tudu rabi fadama. Dillalai sun dame mu, wai za su yanka ta fuloti-fuloti. Yayana ya ce a sayar, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Me ya ɗaga darajar wurin haka, kuma me za mu yi?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinku. Ɗan'uwa, masu tayin nan ba albarkar ƙasar suke saye ba, kusancinta da Birnin Kebbi suke saye. Tun da aka ƙirƙiri jihar Kebbi a 1991 birnin ke cika da ma'aikata. Da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta na dindindin ya faɗo a hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma babban asibitin jiha da ke Kalgo. Malamin jami'a, ma'aikaciyar jinya, ɗalibi, kowa na neman wurin kwana. Wanda haya ta gagare shi a birni sai ya sauka Kalgo, da safe ya hau mota ko kabu-kabu, cikin ƙasa da rabin awa yana ofis. Shi ya sa kangon da ke bakin titi ya fi gonar da ke cika rumbu tsada.

Kafin maganar kuɗi, ku raba gado tukuna, a gaban malamai ko alƙali, mata su san kasonsu. Yawancin shari'un fili da nake gani, wani magaji ne ya sayar ba da sanin sauran ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sannan takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. A karkara ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallaka na gargajiya, amma in aka ayyana yanki a matsayin birni, sai takardar gwamna. Shaidar mai unguwa ko hakimi tana da amfani, sai dai ba ta hana a karɓi wuri don aikin jama'a, diyya kuwa ta gini ce da shuka, ba ta tsurar ƙasa ba. Ku je ma'aikatar filaye ku tambaya ko gonar ta faɗa cikin wani tsari na gwamnati. Dillali ba zai gaya muku wannan ba.

Ra'ayina: fadama kada ku taɓa ta. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san ruwa ba ya manta hanyarsa, gidan da aka gina a can asara ce. Ga shi kuma baƙin da ke tururuwa su ne kasuwarku: shinkafa, tumatir, alayyahu, duk a ƙofar gida za a saye.

Tudun kuwa, gaskiya noma a tsakiyar gidaje wahala ne, awaki da yara ba za su bar muku gero ba. In za ku sayar, kada ku miƙa wa dillali a dunƙule, don ribar tana cikin yankawa. Ku ɗauko mai awo, a fitar da hanya mai faɗi da magudanar ruwa, ku sayar da kaɗan, ku gina ɗakunan haya da kuɗin a kan sauran. Ku dai lura da nisa daga kwalta, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 ɗan haya kuɗin mota yake fara lissafawa kafin ya tambayi kuɗin ɗaki.