Tambaya da Amsa: Girkin Taron Dangi a Lokacin Zafi

Tunda zafi ya shigo, yawancin wasiƙun da ke zuwa wannan fili a kan girkin taro suke. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Dangin maigidana za su taru a gidanmu, manya 22 da yara 8. Shinkafa da kaza da salak nake son yi. Ina tsoron kada abinci ya kasa in ji kunya, ban kuma so a yi asara. Yaya zan auna? Daga wata amarya.

Amsa: Wa alaikumus salam, amarya. Ki fara da lissafin bakuna, ki ɗauki yaro ɗan ƙasa da shekara 10 a matsayin rabin babba. Ke nan mutum 26 za ki ciyar. Ɗanyar shinkafa giram 80 ta ishi babba ɗaya idan akwai nama da salak a gefe, wato kilo 2 da ɗan wani abu. Ki dafa kilo 2 da rabi, domin taron dangi ba ya rasa wanda zai zo da baƙo. Kaza mai ƙashi giram 250 ga kowa, jimilla kilo 6 da rabi, kaji biyar ke nan masu kilo ɗaya da rabi bayan an gyara su. Kayan salak kilo 2 sun wadatar.

Inda aka fi yin kuskure shi ne abin sha. Da zafi mutane sukan rage cin abu mai nauyi, su yi ta shan ruwa. Ki tanadi aƙalla lita ɗaya ga kowane mutum idan zaman zai kai awa uku, mafi yawansa ruwa zalla, da ƙanƙara kamar rabin kilo ga kowa. Kankana biyu manya za su fi ƙarin wani girki amfani.

Tambaya: In na dafa kofi biyu na shinkafa takan fito warara. Amma da na ɗora ta taro sai ƙasa ya kama, tsakiya ya caɓe, sama kuma da sauran tauri. Ma'aunin ruwan bai canja ba. Me ke jawo haka? Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, matsalar ke nan, ma'aunin bai canja ba. Ruwan da kike zubawa kashi biyu ne: wanda shinkafa ke sha, da wanda ke tashi a tururi. Na farko yana ƙaruwa daidai da yawan shinkafa, na biyu kuwa faɗin bakin tukunya da tsawon lokaci ne ke yanke shi. Don haka idan kofi biyu na ruwa ga kofi ɗaya na shinkafa ya yi miki daidai a ƙaramar tukunya, a babba ya yi yawa, kofi ɗaya da rabi ya isa. Ga kuma nauyin ta sama yana danne ta ƙasa.

Ki raba ta tukunya biyu masu faɗi, kada kowace ta wuce kilo ɗaya da rabi. Hanyar da ta fi sauƙin kuɓuta ita ce ki tafasa ruwa mai yawa da gishiri, ki zuba wankakkiyar shinkafa, ki bar ta har ki murza ƙwaya ki ji saura ɗan tauri a tsakiya. Farar shinkafa takan kai nan a minti 8 zuwa 10, wadda aka turara tun daga masana'anta ta fi haka jimawa. Ki tsane a kwando, ki zuba mai cokali uku a gindin tukunya, ki mayar da ita, ki rufe bakin da foyil kafin murfi. Wuta ƙasa-ƙasa minti 15, a sauke a bar ta minti 10 ba a buɗe ba. Kada a juya ta tana kan wuta.

Tambaya: A taronmu na baya mun gama girki da ƙarfe tara na safe, ba a ci ba sai bayan la'asar. Da dare mutane da dama suka kama amai da gudawa. Abincin bai yi tsami ba, kuma mun ɗumama shi kafin a zuba. Wasu sun ce mayonis ɗin salak ne. Gaskiya ne? Kuma zan iya girki tun daren jajibiri? Daga wata mai karatu.

Amsa: Sannu, 'yar'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Mayonis na kanti shi ake yawan ɗora wa laifi, alhali yana da tsamin da ƙwayoyin cuta ba sa so. Dafaffen ƙwai da dankali da naman da aka cuɗa da shi su ne abin tsoro. Amma a labarinki mun fi zargin awannin nan bakwai da abinci ya yi a ajiye.

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, wasunsu suna ninka kansu duk minti 20. Shi ya sa ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya kacal. Hanci da harshe ba sa kama wannan. Ƙwayoyin da ke sa abinci wari daban, masu kwantar da mutum daban.

Shinkafa tana da nata haɗarin. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke tsira daga dahuwa. Idan shinkafa ta huce ta zauna da ɗumi-ɗumi, sai ƙwayar ta farfaɗo ta zuba guba, kuma gubar ba ta mutuwa da ɗumame. Amai yakan fara cikin awa ɗaya zuwa biyar bayan ci. Haka ma Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a fata da hancin mutane masu lafiya, tana shiga abincin da aka yi ta damƙa da hannu bayan ya dahu, ita ma gubarta tana jure zafi.

Hanya biyu ce kawai. Ko abinci ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, a kan wuta ƙasa-ƙasa ko a oben, ko a sanyaya shi da sauri. Kula tana taimakawa idan an ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, an zuba abincin yana tiriri, an cika ta, ba a kuma yi ta buɗewa ba. Kular da ke rabi, kowa na leƙawa, ba ta riƙe komai.

Batun girkin jajibiri kuwa, miya da dafaffen nama sun dace da shi. A juye su a robobi marasa zurfi, kauri kada ya wuce santimita 5, a sa a firji cikin awa biyu. Kada a cusa babbar tukunya yadda take, domin tsakiyarta zai kwana da ɗumi. Washegari a tafasa miyar sosai. Shinkafa da salak a bar su sai ranar, kuma a lissafa daga lokacin ci zuwa baya, ta yadda za a sauke shinkafa saura awa ɗaya a zauna. A riƙa fito da abinci kaɗan-kaɗan, kada a ƙara sabo a kan tiren da ya jima a waje. Abin da ya rage, idan bai wuce ƙa'idar lokaci ba, nama da miya za su kai kwana uku a firji, shinkafa kuwa a cinye ta washegari. Wanda ya wuce a zubar, ko da rai bai so ba, musamman saboda yara da tsofaffi da masu juna biyu.

Tambaya: Ni ake bar wa gashin kaza a gidanmu. Waje yakan yi baƙi, a yanka a ga jini a jikin ƙashi. In na daɗe kuma ta bushe. Ina mafita? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, wutarka ce ke buƙatar gyara. Ka jira gawayi ya ruru har fari-farin toka ya rufe shi, sannan ka tara shi gefe ɗaya, ka bar ɗaya gefen babu garwashi. Ka jera kazar a gefen da babu wuta, ka rufe, kana juyawa, minti 30 zuwa 40 ga cinyoyi. A ƙarshe ka matsar da ita kan garwashin minti biyu ko uku kowane gefe don ta yi ja. Duk haɗin da ke da sukari ko zuma a mintunan ƙarshe ake shafa shi, domin shi ke ƙonewa.

Ka tabbata ta gama narkewa idan daga firiza take. A firji, kilo 2 yana cin kwana guda. Idan ana sauri, a ɗaure a leda a nutsa a ruwan sanyi, ana canja ruwan duk minti 30. Ba a shanya ta a rana. Maganin bushewa shi ne gishiri da wuri: giram 10 ga kowane kilo, a shafa tare da tafarnuwa da citta da mai, ta kwana a firji. Lemun tsami kada ya wuce awa biyu a jikinta, ɗanyar abarba da gwanda kuwa suna narkar da nama ya yi laɓo-laɓo in an jima.

Launi ba shi da tabbas, domin ƙashin matashiyar kaza yakan bar ja ko ta dahu. Ma'aunin zafin nama shi ne alƙali: a soka a wuri mafi kauri ba tare da ya taɓa ƙashi ba, ya nuna digiri 74. Kada gasasshiya ta koma tiren da ɗanya ta zauna, kuma gawayi a fili ake hura shi. A cikin ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari mai kisa.

Tambaya: Salak ɗina yakan yi yaushi ya tara ruwa kafin baƙi su zauna, firjin kuma ba ya ɗaukar lemuka da abinci gaba ɗaya. Daga wata ɗaliba.

Amsa: Gishiri da tsami ne ke zuƙo ruwa daga ganye, ƙanwata. Ki wanke latas ki tsane shi sarai, ki naɗe a tsaftataccen ƙyalle ki sa a firji. Tumatir da kokwamba a roba daban, ba za ki haɗa ki zuba mahaɗin ba sai za a ci. Kabeji da karas sun fi jure zama. Kankana kuma a wanke bayanta kafin a yanka, domin wuƙa tana jan dattin ɓawo zuwa ciki, yankakkiya kuwa ƙa'idar lokacin nan ta hau kanta.

Lemuka ki fitar da su daga firji baki ɗaya, ki bar shi ga nama da salak, ya kuma huta da buɗe-buɗen yara. Ki jera kwalaben a baho, ki zuba ƙanƙara da ruwa har wuyansu, da gishiri tafin hannu biyu, za su yi sanyi cikin kamar minti 20. Ƙanƙarar da za a jefa a kofi a ware ta daban, da ruwan sha aka yi ta. Idan wuta ta ɗauke, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kusan awa 4, cikakkiyar firiza kuma awa 48.