Amsa ga Malama: Labari ɗaya, bakuna biyu

Malama, kin ce kin saurari labari ɗaya a gidajen rediyo biyu, kika ji kamar abubuwa biyu ne suka faru, kina tambayar wanne ne ke ƙarya. Na yi shekaru ina fassarar labarai a wani gidan rediyo, kuma a abin da na gani, sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. Kalma kowa ya zaɓa, kalmar kuma ta ja tunaninki inda take so.

Ki tuna ɗaliban Ƙanƙara da aka sace a Disamban 2020. Da yara 344 suka dawo, wasu kafafe sun ce "an ceto su", wasu sun ce "an sako su". Yaran dai su ne, adadin ma bai canza ba. Amma wanda ya ji "ceto", sojoji zai hango sun kutsa daji. Wanda ya ji "sako" kuwa, nan take zai tambaya: me aka ba waɗanda suka sace su? Haka aka sake yi da 'yan matan Jangebe 279 a Maris 2021. Mu a ɗakin labarai mun fi minti ashirin muna musu a kan wannan kalma ɗaya, har edita ya gaji ya ce a rubuta "sun dawo gida". Ni har yau ina ganin kauce wa magana ce, amma dai ta fi a ɗora wa mutane abin da ba mu tabbatar ba.

Sunan masu laifin ma haka. "Ɓarayin daji" yana sa mutum ya ga masu neman kuɗi ne kawai, ana iya zama da su. "'Yan ta'adda" kuwa ya rufe ƙofar sulhu tun kafin a buɗe baki. Shi ya sa ba ƙaramin abu ba ne da kotun tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda a Nuwamban 2021.

Batun fetur na 2023 ba sai na ja ba: gwamnati na cewa "cire tallafi", ɗan sahu na cewa "ƙarin kuɗin mai".

Ni kaina na taɓa yin kuskure. Rahoton haɗarin kwale-kwale ya zo, na fara da waɗanda suka tsira, na kai adadin mamata can ƙarshe, don in sassauta. Washegari wani dattijo ya zo har bakin ƙofar gidan rediyon, ya ce shi da ya ji farkon labarin sai ya yi hamdala ya kashe rediyo ya tafi gona. Sai da yamma ya san akwai ɗan ƙanensa a cikin waɗanda ba su fito ba. Bai zage ni ba. Ya ce kawai, "Yaro, da mutuwa ake farawa."