Ga ƙanena mai tambayar yadda ake cinye hutun bazara a Amurka

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na yi maka murnar samun gurbin karatu a Kolumbus ta jihar Ohayo. Allah ya sa albarka. Ka ce abin da ke damunka shi ne dogon hutun nan na wajen wata uku, daga Mayu zuwa Agusta: kuɗin jirgin zuwa gida ba zai samu ba, ɗalibai za su watse, kai kuma kana tsoron zaman ɗaki kai kaɗai da wayarka. Tsoron nan gaskiya ne. Na ga yara masu ƙoƙari sun rame a hutun farko, ba don yunwa ba, don kaɗaici.

Bari mu kawar da maganar aiki tukuna. Bizar ɗalibi ta F-1 ta yarda ka yi aiki a cikin makaranta, awa 20 a mako lokacin karatu, cikakken lokaci a hutu. Aikin waje kuwa sai da izini ta hannun ofishin ɗaliban ƙasashen waje, kada kowa ya ruɗe ka. Ka yi aikinka, ka tara, amma ka ware kwana biyar ko shida ka fita ka ga ƙasar. Ga yadda muka yi wata shekara a watan Yuli, mu huɗu a mota ɗaya, da tanti biyu da buta da darduma da risho, da busasshen naman halal na kanti da wani ya ba da shawarar mu saya a madadin kilishi.

Besbol, wasan ƙwallon da ake bugawa da gora, shi ne ya zana mana hanya. Manyan kulob 30 ne a babbar gasa, kuma kowanne yana da ƙananan kulob huɗu da yake renon 'yan wasa a cikinsu, jimilla 120 tun gyaran da aka yi a 2021. Suna warwatse a garuruwan da ba ka taɓa jin sunansu a labarai ba, suna wasa daga Afrilu zuwa Satumba. Tikitin da muka saya bai kai dala 20 ba. Daga Kolumbus muka nausa arewa, awa biyu da rabi, muka sauka Toledo inda Mud Hens ke wasa, wato kulob ɗin da Tigers na Detroit ke ɗebo 'yan wasa daga ciki.

Na shiga filin ban san ko alif na wasan ba. Wani dattijo da ke kujerar gefena, da fensir da takardar da yake rubuta duk abin da ya faru, ya lura ina ta waige-waige. Ya miƙo mini ledar gyaɗa mai ɓawo, irin tamu sak, ya fara yi mini bayani: mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai gora ya buga, idan ya kuskure sau uku ya fita, idan mutum uku suka fita sai a yi musaya, haka har turmi tara. Ɓawon gyaɗar a ƙasa ake zubarwa, ba mai hararar ka. A tsakiyar turmi na bakwai kowa ya miƙe tsaye ya yi miƙa, aka rera waƙa tare, jikarsa tana riƙe da hannuna kamar ta san ni tun da can. Wasan yana da sanyin tafiya, kuma wannan ne amfaninsa a gare mu: akwai sararin hira. Shekara biyu ina ƙasar kafin ranar, ban taɓa zama awa uku da Ba'amurke muna taɗi ba tare da wata buƙata a tsakaninmu ba.

Shi ne ya nuna mini cewa da yawa daga cikin 'yan wasan samari ne daga Jamhuriyar Dominika da Benezuwela, sun baro iyayensu, Turancinsu bai nuna ba, suna yawo a bas daga gari zuwa gari da fatan wata rana a kira su babbar gasa. Mafi yawansu ba za a kira su ba. Na dube su na ga kanmu.

Abincin filin ka yi hattara da shi. Tsiran da ake sawa a burodi wani na alade ne, wani na sa ne amma ba yankan Musulmi ba, ga giya tana yawo. Gyaɗa da gugguru da lemo sun ishe ka. Cikinka ka ajiye wa Dearborn, kamar awa ɗaya daga Toledo, garin da Larabawa Musulmi suka cika, da masallatai da mahauta da gidajen abinci na halal. Can muka cika akwatin sanyi da nama da ƙanƙara. Amma a nan zan ja kunnenka: a kan babbar hanya ta I-75 cikin Detroit akwai mashigar gadar Ambassador, wadda ke tsallakawa Kanada. Wanda ya shige ta bisa kuskure sai ya tsinci kansa gaban jami'an shige da fice. Ka karanta allunan hanya da idonka, kada ka dogara ga waya kaɗai, kuma fasfo da I-20, takardar shaidar ɗalibta da makaranta ke bayarwa, su kasance tare da kai. Idan ɗan sanda ya tsayar da ku, ka zauna a mota, hannuwa a kan sitiyari, kada ka fito don gaishe shi kamar yadda muka saba.

Mun kalli wasa na biyu kusa da Grand Rapids, na Whitecaps, aka rufe daren da wasan tartsatsin wuta. Daga nan sai daji, zuwa Sleeping Bear Dunes, wurin shaƙatawa mai tuddan rairayi a gaɓar tafkin Mishigan. Wurin kafa tanti ana kama shi ta intanet tun watanni kafin lokaci, don na Yuli saurin cika yake yi. Za a ba ku fili da teburi da murhun ƙarfe. Itace a wurin za ka saya, ba a so a ɗauko daga nesa, saboda wani ƙwaro da aka gano kusa da Detroit a 2002 wanda ya kashe bishiyoyi miliyoyi. Abinci kuma a kulle cikin mota yake kwana. Daren farko mun bar burodi da sukari a kan teburi, wata dabba mai baƙin zane a ido da suke kira rakun ta zo ta yi kaca-kaca da su. Ka sa dogon wando, ka duba jikinka kowace yamma saboda kaska, domin tana ɗauke da cutar Lyme. Dare yana sanyi ko a Yuli, ka zo da rigar sanyi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne magariba. A can rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare. Muka hau tudun rairayi, ruwa shimfiɗe a gabanmu ba a ganin ƙarshensa, kuma ruwan daɗi ne, ba gishiri. Muka yi alwala, muka tayar da salla a kan yashi. Maƙwabtan tantinmu, mata da miji, suka tsawata wa yaransu su yi shiru har muka sallame, daga baya matar ta zo tana tambayar me muke dafawa mai ƙamshi haka. Dafa-duka ce da yaji. Suka ci, mijin yana share hawaye yana neman ƙari.

Kuɗin mai da wurin kwana idan aka raba huɗu ba ya karya mutum. Hayar mota ce ke da tsada ga wanda bai kai shekara 25 ba, don haka ka nemi lasin tuƙi na Ohayo da wuri, ka kuma haɗa kai da wanda ya girme ka. Tantina yana nan, har da rishon. A Kolumbus ma akwai kulob, Clippers, filinsu a tsakiyar gari. Idan ka sauka a Agusta kakar wasa ba ta ƙare ba, zan zo in ɗauke ka mu je. Ka gaishe mini da su Baba da Inna.