Wata 16 Babu Amsa: Ko An Hana Ɗana Zama Ɗan Ƙasar Jamus Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana na fari yana zaune a wani babban birni na Jamus, shekara bakwai ke nan, yana aikin tuƙa motar kaya. Ya shigar da takardun neman zama ɗan ƙasa, yau wata 16 cif, amma ban da wasiƙar da ta ce an karɓi takardunsa, bai sake jin komai ba. Ina so ya dawo gida ya yi kamar wata takwas, a ɗaura masa aure, ya kuma tsaya a kan ginin da ya fara, sai ya ce ba zai iya motsawa ba. Shin wannan shirun yana nufin an hana shi ne?
Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, domin a tsarin Jamus shiru ba hani ba ne. Idan hukuma za ta ƙi amincewa da buƙatar mutum, wajibi ne ta sanar da shi a rubuce, ta bayyana dalilinta, ta kuma nuna masa hanyar ƙalubalantar hukuncin. Tunda babu irin wannan wasiƙa a hannunsa, abin da ya fi kusa shi ne takardunsa suna cikin layi.

Layin kuwa ya yi tsawo ne tun ranar 27 ga Yuni, 2024, lokacin da sabuwar dokar zama ɗan ƙasa ta fara aiki. Dokar ta rage shekarun zaman da ake buƙata daga 8 zuwa 5, ta kuma halatta wa mutum ya riƙe fasfonsa na asali tare da na Jamus, wanda shi ne ya fito da ɗimbin mutanen da suka daɗe da cika sharuɗɗa amma suka ƙi nema don gudun rabuwa da ƙasar haihuwarsu. A shekarar 2023 kimanin mutum 200,000 aka bai wa zama ɗan ƙasa, a 2024 kuwa adadin ya kusan kai 292,000. Kowane birni da ofishinsa da yawan ma'aikatansa, shi ya sa wani ke samun amsa cikin watanni, wani kuma ya haura shekara guda har ya doshi biyu. A Berlin ma, da aka haɗe aikin a ofishi ɗaya a farkon 2024, sai da ofishin ya gaji tsofaffin buƙatu kimanin 40,000 daga gundumomin birnin.

Akwai kuma jinkirin da tushensa yake nan gida, kuma a ganina shi ya fi cancantar kulawarki. Ba a bai wa kowa zama ɗan ƙasa sai an tabbatar da ko wane ne shi, kuma idan hukuma ta yi shakkar wata takarda daga Ghana, tana iya neman ofishin jakadancin Jamus da ke Accra ya bincika ingancinta, binciken da ke cin watanni kuma mai nema ne ke biyan kuɗinsa. Yawancinmu a zango an yi mana rajistar haihuwa ne bayan mun girma, sai ka iske sunan uba a fasfo Abubakar, a takardar makaranta Bukari, ranar haihuwa kuma ta bambanta daga wannan takarda zuwa waccan. Mu a wurinmu mutum ɗaya ne, amma ga jami'in da bai san al'adarmu ba, tambaya ce da sai an amsa ta. Saboda haka ki tattara masa takardar haihuwa da ta makaranta da katin awon jarirai idan yana nan, a gwada su da juna tun kafin a tambaya. Kada kuma wani ya ba ku shawarar yin sabuwar takarda ta bayan fage, domin ƙarya a cikin wannan buƙata laifi ne, kuma ana iya ƙwace zama ɗan ƙasar ko bayan an bayar.

Game da zuwansa gida, gaskiya ɗanki yake faɗa miki, ba guje wa aure yake yi ba. Zai iya zuwa hutu na makonni da fasfonsa na Ghana matuƙar izinin zamansa bai ƙare ba, amma wanda ya wuce wata 6 a waje ba tare da amincewar hukuma ba, izinin zamansa yana iya faɗuwa, kuma buƙatar tasa a kan wannan izini take tsaye. Haka nan ana son ya ci gaba da ciyar da kansa da iyalinsa ba tare da tallafin gwamnati ba har ranar da za a miƙa masa takardar shaida, don haka ajiye aiki na wata takwas zai iya rushe abin da ya gina. A ɗaura auren cikin hutunsa na shekara, ya sanar da hukuma cewa ya yi aure, ya kuma sani cewa dokar ba ta bai wa mai mata fiye da ɗaya zama ɗan ƙasa.

Shi ma akwai abin da zai yi a can. Ya tabbata adireshinsa daidai yake, ya aika musu sababbin takardun albashi, kuma ya guji ƙaura zuwa wani birni a yanzu, domin hakan yakan mayar da takardunsa hannun wani ofishin. Ban da kuɗin hukuma, wato yuro 255 ga baligi, kada ya bai wa kowa ko sisi da sunan hanzarta masa aiki. Idan ya tabbata ya miƙa komai, har da shaidar iya Jamusanci a matsakaicin mataki da ake kira B1 da sakamakon jarrabawar zama ɗan ƙasa, doka ta ba shi damar shigar da ƙara a kotun da ke duba ayyukan hukumomi, tunda an wuce wata 3 babu hukunci. Kotu tana duba ko akwai ƙwaƙƙwaran dalilin jinkirin, kuma ƙarar tana da nata kuɗin, saboda haka ya fara nuna takardunsa ga lauya mai rajista a birnin da yake kafin ya ɗauki wannan mataki. Allah Ya kawo shi lafiya, Ya sanya alheri a auren.