Kabeji da ɗakin sanyi: amsoshin masu garka

Kabejin sanyi ya nuna, kasuwar Dole ta Damagaram ta cika, kuɗinsa ya faɗi, shi ya sa wasiƙun wannan mako duk a kan ajiyarsa suke.

Wani mai garka daga Gidimuni ya ce su shida suka haɗa kuɗi za su kama ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, sai aka tsorata su wai sanyi yana zuƙe amfanin kabeji ya bar ƙaiƙayi.

Malam, wanda ya gaya maka haka ya juya zancen ne. Kan kabeji ko an sare shi da ransa, yana numfashi, yana cin abin da ya tara. Zafi ke sa shi ci da sauri, sanyi ya rage masa. Ku riƙe ɗakin a digiri 0 zuwa 2, da laima sosai don kada ganyen ya yanƙwane. Kada ya sauka ƙasa da 0, don in ya daskare, yana narkewa zai saki ruwa ya ruɓe. Kuma kada ku ɗora buri a kan wata shida da kuke ji. Wannan na irin Turai ne mai daɗewa a gona. Namu masu saurin nuna, su Oxylus da KK Cross, mako 3 zuwa 6 ne.

Amfanin da kake tsoro kuwa, manyansa biyu ne. Akwai bitamin C, wajen miligiram 36 a giram 100 na ɗanye. Akwai kuma glukosinolet, shi ke ba kabeji ɗan yajin nan da warin da ke tashi daga tukunya. A 2007 masu bincike a jami'ar Warwick ta Ingila sun auna shi a kabeji da danginsa. Bayan kwana 7 a ajiye, kashi 9 zuwa 26 cikin 100 kawai ya tafi. Wanda aka yayyanka ƙanana kuwa, cikin awa 6 asarar ta kai har kashi 75.

Wannan shi ne amsar Hajiya mai abinci a unguwar Zango, wadda ke yanka na kwaɗon gobe tun magariba, ta jiƙa a roba ta sa a firigo. Hajiya, wuƙarki ce mai laifi. Cikin ganyen akwai wani sinadari da ke zaune daban, wuƙa na ratsawa sai ya haɗu da glukosinolet ya farfasa shi. Bitamin C kuma ruwan robar yake bi, ki zubar da safe. Ki ajiye kan ɗungurungum a leda mai huji, ki yanka in ƙuli-ƙuli ya daku.

Mai tambaya daga Matamai kan kabejinsa da ya sake launi a ajiya: ganyen ya yi rawaya ne don ka haɗa shi da tumatir da ayaba, iskar da suke fitarwa in suna nuna ke tsofar da shi. Raba su.

Wanda ba ya da wuta, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa, za ta ƙara maka 'yan kwanaki a hunturu.

Sai yaron nan na Mirya da ke tambaya ko in ya fesa piya-piya ana gobe sara, sanyin ɗaki zai kashe dafin. Haba ɗana! Sau nawa zan faɗa? Sanyin da ke adana bitamin shi ke adana guba. Piya-piya ma ba a yi shi don ganyen da za a ci ɗanye ba. Na san abin da ke damunka: 'yar koriyar tsutsar nan da in ka taɓa ta sai ta zille da baya ta rataya da zare, ta bar ganye kamar rariya. Ta fi ka sanin magani. Tun 1953 aka ga maganin ƙwari na DDT ya daina kashe ta a tsibirin Jaba na Indunusiya, kuma a zafi wajen mako biyu ya ishe ta daga ƙwai zuwa mai yin ƙwai. Duk feshin da ka yi, masu taurin rai ke tsira su hayayyafa, ƙananan zanzaron da ke kashe maka ita kyauta su mutu. Bara na shiga wata garka, kwalabe huɗu a gindin rijiya, jaka-jaka sun tafi, na ɗaga ganye ɗaya na ƙirga tsutsa goma sha ɗaya.

Ka daka 'ya'yan dogon yaro busassu, rabin kilo a lita 10 na ruwa, su kwana, ka tace, ka fesa da yamma a ƙarƙashin ganye, mako-mako tun dashe yana ƙarami. In dole sai na kanti, ka nemi mai Bt, wato ƙwayar cuta mai kashe tsutsa, ko ka karanta kwanakin jira da ke jikin kwalba ka cika su kafin ka sara. Kututturan da kake bari bayan sara kuma ka tuge ka ba tumaki, a nan tsutsar take jiran sabon dashenka.