Tsohuwar jami'a mai suna, ko sabuwa mai kwas ɗin da yaro yake so?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, mahaifin yarana ya rasu shekara shida ke nan. Babban ɗana jami'o'i biyu ne suka nuna za su ɗauke shi, duk a cikin jiharmu. Ta farko tsohuwa ce, kowa ya san ta, amma ba su ba shi injiniyan gine-ginen da ya nema ba, sai suka tura shi sashen lissafi. Ta biyu ba ta cika shekara ashirin da kafuwa ba, ita ce ta ba shi abin da yake so. Baffanninsa sun ce sunan jami'a ne ke samo wa mutum aiki, har ɗayansu ya nuna min wani jadawali a waya, tsohuwar tana can sama, sabuwar kuwa ko sunanta babu. Yaron ya yi shiru, amma na san abin da ke ransa. Ni ban yi nisa a boko ba. Ta yaya zan gane wadda ta fi?
Daga mahaifiyar wani ɗalibi

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifinsu, ya raya abin da ya bari. Kada ki raina kanki don ba ki yi nisa a boko ba, tambayar da kika yi ita ce wadda iyaye da yawa masu digiri ba sa tsayawa su yi.

Na koyar a jami'a shekaru masu yawa, kuma ga abin da na gani da idona: suna na jami'a ne gaba ɗayanta, amma karatu a sashe ake yin sa. Ɗanki ba zai zauna a ajin "jami'a" ba. Zai zauna ne gaban malamai goma ko sha biyar na sashe guda, su ne za su koyar da shi, su duba jarrabawarsa, su kula da aikin bincikensa na shekarar ƙarshe. A jami'a ɗaya za ki tarar da sashen da ya isa a yi alfahari da shi a ko'ina, ki taka 'yan matakai zuwa ginin da ke kusa ki tarar da wanda ya durƙushe. Na san wani sashe da manyan malamansa uku suka bar shi cikin shekara biyu, ɗaya ya yi ritaya, biyu suka tafi ƙasar waje. Ɗaliban ciki sun ji a jikinsu tun zangon farko. Mutanen gari kuwa sun ci gaba da yabon sashen har shekara goma bayan haka, suna turo 'ya'yansu saboda malaman da ba sa nan. Haka suna yake, yana daɗewa kafin ya samu, yana kuma daɗewa kafin ya gushe. Abin da baffannin yaron suke yabo, wataƙila jami'ar da suka sani ce a zamaninsu.

Shi kuma jadawalin da aka nuna miki, yana da kyau ki san me ake aunawa a cikinsa. Akwai wanda ake fitarwa daga Shanghai ta ƙasar Sin tun 2003. Wannan yana ƙirga malamai da tsofaffin ɗaliban da suka ci kyautar Nobel ko ta Fields a lissafi, da yawan binciken da aka buga a manyan mujallun kimiyya irin su Nature da Science. Babu inda yake tambaya ko malami yana shiga aji. Akwai na QS daga Birtaniya, wanda a da kashi 40 cikin ɗari na makinsa ra'ayin malaman jami'o'i ne kan waɗanda suke ganin sun fi, yanzu an rage shi zuwa kashi 30. To wanda aka tambaya ya ambaci jami'o'in kirki, ai waɗanda ya saba jin sunansu zai ambata. Akwai kuma Webometrics na ƙasar Sifaniya da aka fara a 2004, wanda babban ma'auninsa shi ne yadda jami'a ta yi fice a intanet. Duk waɗannan tsohuwar jami'a mai tarin farfesoshi ce za ta yi gaba a cikinsu, sabuwa kuwa sau da yawa ba ta ma cika sharuɗɗan shiga wasunsu ba. Rashin ganin sunanta ba shaidar lalacewa ba ne, ba kuma shaidar nagarta ba.

Har alƙaluman da jami'o'i ke bayarwa da kansu ba kullum suke zama gaskiya ba. A 2022 wani farfesan lissafi a Jami'ar Columbia ta Amurka, Michael Thaddeus, ya binciki abin da jami'arsa ta miƙa wa masu jadawalin US News, ya nuna akwai gyara. Jami'ar ta amsa cewa ta ba da alƙaluman da ba daidai ba kan girman azuzuwa da cancantar malamanta, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18. Malamanta da ɗalibanta na nan yadda suke kafin faɗuwar da bayanta, lambar ce kawai ta canza.

Ba zan ce miki baffannin nan ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Suna yana buɗe ƙofa, musamman ƙofar farko. Mai ɗaukar ma'aikata da takardu ɗari uku a gabansa yakan fara da jami'ar da ya sani, kuma tsohuwar jami'a tana da tsofaffin ɗalibai a ofisoshi ko'ina. Wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Stacy Dale da Alan Krueger, sun buga wani bincike a 2002 da ya shafi wannan. Sun bi diddigin ɗaliban da manyan jami'o'i suka amince su ɗauka amma suka zaɓi waɗanda ba su kai su suna ba, suka kwatanta su da takwarorinsu da suka shiga manyan. Bayan shekaru, abin da ɓangarorin biyu ke samu kusan ɗaya ne. Wato hazaƙar yaron ce ta bi shi duk inda ya je. Sai dai sun ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi sun fi cin moriyar babbar jami'a, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda ba shi da kowa a sama, abokan karatunsa ne ke zame masa hanya. Wannan batu ya shafi maraya, shi ya sa ban ɓoye miki ba.

Amma lura da abu ɗaya, Hajiya. Da kwas ɗaya jami'o'in biyu suka ba shi, da sai mu zauna mu auna suna da kyau. Ba haka ba ne. Ɗaya za ta yaye shi injiniya, ɗaya za ta yaye shi masanin lissafi. Lissafi ilimi ne mai daraja, amma wanda ya shiga shi ba da son ransa ba yakan sha wuya, na ga yara masu ƙwaƙwalwa da suka fita da sakamako mai rauni saboda zuciyarsu tana wani sashen. Kuma kada a yaudare ki da cewa "ya shiga kawai, in ya kai aji biyu sai ya canza". Sashen da ya cika tun farko har aka ƙi ɗaukarsa, da wuya ya samu gurbi bayan shekara, sai ɗaiɗaiku.

Saboda haka aikin da ke gabanki shi ne ki binciki sashen injiniyan sabuwar jami'ar, shi kaɗai. Fara da tantancewa. Hukumomin kula da jami'o'i kwas-kwas suke tantancewa, ba jami'a dunƙule kaɗai ba. A Najeriya, alal misali, hukumar NUC tana ba kwas cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana shi, sannan majalisar injiniyoyi ta COREN tana yin tata daban, kamar yadda hukumar ABET mai tantance kwasa-kwasan injiniya ke yi a Amurka. Ki sa a duba miki matsayin wannan kwas ɗin a wajen hukumomin da kansu, kada ki tsaya kan abin da aka rubuta a takardar talla. In babu amincewar majalisar injiniyoyi, yaro zai iya gama shekara biyar ya zo yin rajistar aiki a ce masa digirinsa bai isa ba.

Daga nan ki je da ƙafarki, ke da shi, ranar da ake karatu. Gani ya kori ji. Ku nemi ɗaliban aji huɗu ko biyar, ba 'yan aji ɗaya da har yanzu ke murnar samun gurbi ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki tambaye su: injin gwada ƙarfin kankare yana aiki, kuma sun taɓa sa hannu a kansa? Sun fita fili da na'urar awon ƙasa, ko a allo aka zana musu ita? Na nanata wannan ne don na taɓa ganin an aro kayan gwaje-gwaje daga wata makaranta ana jibi masu tantancewa za su zo, suna tafiya aka mayar. Abin ya daɗe yana damuna, kuma ɗalibi ne kaɗai zai gaya miki irin wannan. Ki tambaya malamai nawa ne nasu na dindindin, nawa ne 'yan ziyara da ke zuwa daga tsohuwar jami'ar su haɗa darasin wata guda cikin kwana biyu. A jiha ɗaya wannan ya zama ruwan dare, har za ki ga malamin da baffanni ke yabo a can shi ne yake koyarwa a nan. Ki tambaya ko sashen ya taɓa yaye ɗalibai, kuma ina suke yanzu.

In kwas ɗin yana da cikakkiyar amincewa, kayan aiki suna motsi, an kuma yaye aƙalla rukuni biyu ko uku da suka samu rajista, ra'ayina ki bar shi ya tafi inda aka ba shi injiniya. In amincewar ta wucin gadi ce kuma ba a taɓa yaye kowa ba, kada ki sa shi ya zama abin gwaji. Ya karɓi lissafin in zai iya sa ransa a kai, ko ya sake neman gurbi baɗi. Baffanninsa kuma kada ki yi musu gardama, iyayensa ne. Ki roƙi ɗaya daga cikinsu ya raka ku ziyarar, ya ji amsar ɗaliban da kunnensa.

TAMBAYA: Malam, me ya sa gwamnati ba za ta daidaita jami'o'in jiha ɗaya su zama matsayi guda ba, a huta da wannan fifiko?
Daga wani ɗalibin aji biyu

AMSA: Ɗana, ba dole ne su zama iri ɗaya ba, abin da ake buƙata kowacce ta san aikinta. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta tsara wannan a 1960. Aka ware Jami'ar Kalifoniya, mai rassa irin su Berkeley, don zurfin bincike da digiri na uku, tana ɗiba daga kashi ɗaya cikin takwas na sama na waɗanda suka gama sakandare. Rukuni na biyu na jami'o'in jihar, wanda Jami'ar San José State take ciki, aka ɗora masa koyarwa da horar da ma'aikata, yana ɗiba daga kashi ɗaya cikin uku na sama. Kwalejojin shekara biyu kuma aka buɗe su ga kowa, da hanyar wucewa jami'a ga wanda ya yi ƙoƙari. Berkeley ta fi San José State suna nesa ba kusa ba, amma kamfanonin fasaha da ke kewaye da San José suna ɗaukar injiniyoyinta da yawa. Matsalar tana tasowa ne idan sabuwar jami'a ta ce sai ta buɗe duk kwas ɗin da tsohuwa take da shi, likitanci da lauya da injiniya a lokaci guda, da malaman aro. Ka rubuto min sunan kwas ɗinka da abin da kake gani a sashenku, sai mu duba shi a fitowa ta gaba.