Tambaya da Amsa: Mai gashin bakin nan da ba ya kai ƙarshen fim

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai wani ɗan wasan Amurka mai dogon gashi da gashin baki, fuska a murtuke, ga zanen mace a ƙirjinsa. Kullum yaron bos yake fitowa, kuma sai an kashe shi. Wane ne shi? Da gaske ne ya taɓa zaman kurkuku?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Danny Trejo kake nufi. An haife shi a 1944 a yankin Los Angeles, asalin iyayensa Meziko. Zancen kurkuku gaskiya ne. Tun yana yaro ya faɗa shan ƙwaya da fashi, ya yi ta shiga yana fita gidajen yarin jihar Kalifoniya, har da San Quentin, inda ya zama zakaran damben 'yan fursuna. Aka sake shi a 1969, ya kama aikin taimaka wa masu son rabuwa da ƙwaya.

Wannan aikin ne ya kai shi fim. Ya je wurin ɗaukar Runaway Train, wanda ya fito a 1985, don ganin wani matashi da yake taimakawa. A can marubuci Edward Bunker, wanda suka yi zaman San Quentin tare, ya gane shi. Aka ba shi aikin koya wa Eric Roberts, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, dambe, daga nan darakta ya ce shi ma ya shiga gaban kyamara. Lokacin ya kai shekara arba'in.

Ya daɗe yana fitowa a matsayin fursuna ko ɗan daba, wani lokacin ko suna babu. Amma duba Desperado na 1995. Mutumin bai buɗe baki ba, wuƙaƙe kawai yake zarowa daga rigarsa yana jifa, kuma har yau shi mutane ke tunawa. A ganina nan gwanintar irin waɗannan 'yan wasa take: minti biyar za a ba su, su sa ka yarda cewa akta na cikin haɗari da gaske. A shekarar ya fito a Heat tare da Robert De Niro, sai Con Air a 1997. A shirin talabijin na Breaking Bad kuwa, kansa aka sare aka ɗora a bayan kunkuru.

Yawan mutuwar ba tsautsayi ba ne. Ya sha faɗa cewa in zai fito a mugu, ya fi son a kashe shi, don yara su ga ƙarshen mai aikata laifi.

Sai a 2010, yana da shekara 66, darakta Robert Rodriguez ya ba shi matsayin babban jarumi a Machete. In kana son ganinsa ya kai ƙarshen fim da ransa, wannan za ka nema.